Gafiyoyin Farfesa

Likitanci na nema a jami'a, aka ba ni ilimin aikin sassan jiki, wanda kafin ranar ban taɓa jin sunansa ba. Mahaifina, manomin shinkafa da albasa a Talata Mafara, ya tambaye ni bambancinsu. Na yi masa dogon bayani, ya saurara har ƙarshe, sannan ya fita ya shaida wa mutanen majalisarsu cewa ɗansa likita zai zama. Da na gama aka riƙe ni aiki a ɗakin binciken ƙwaƙwalwa na jami'ar, sai ya ƙara mini girma ba tare da ya shawarce ni ba, na koma likitan ƙwaƙwalwa. Tun daga nan duk wanda ya yi shirme a unguwarmu sai a ce masa ya yi haƙuri, na kusa zuwa hutu.

Mu huɗu ne a ɗakin, in ba a sa da ɓeraye ba. Shugabanmu Farfesa, ɗan wani alƙali ne, a birni aka haife shi, a birni ya girma, sannan ya tafi karatu wata ƙasa mai ƙanƙara. Ya dawo tun ina firamare, amma har lokacin da na san shi kusan duk maganarsa da "lokacin da muke can" take farawa. Fanninsa shi ne yadda hanci yake kai labarin ƙanshi da wari zuwa ƙwaƙwalwa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan wannan, sai ga shi nasa hancin ya daɗe da yin ritaya, don turaren da yake zubawa yakan riga shi shigowa ɗaki, ya kuma zauna tare da mu bayan ya tafi. Bayan turare yana son huluna, yana kuma son taron masana, musamman wanda ake yi a otal.

Sai Malama, wadda ta karanta haɗa magunguna. Tana shekarar ƙarshe mahaifiyarta ta kamu da shanyewar ɓarin jiki, magana ta ɗauke, sai kalma guda da take maimaitawa ko ruwa take so ko filo. Malama ta ce so take ta san inda sauran kalmomin suka tafi, shi ya sa ta bar kantin magani ta zo wurinmu. Ita ce mai yanka ƙwaƙwalwar ɓera sirara-sirara ta shimfiɗa a gilashi, ita ce mai leƙa madubin da ke ƙara girman abu, ita ce mai rubutu. A taƙaice ita ce mai aikin da ake gayyatar Farfesa otal ya yi bayaninsa. Tana sayar da atamfa ta waya, kuma tana ajiye zoɓonta a firjin da muke ajiye abin da muka yanka. Na taɓa yi mata magana, ta ce ai ta rubuta sunanta a jikin gorar.

Na uku likitan dabbobi ne, Bafillace, ɗan wata ruga ta wajen Janbako a ƙasar Maradun. Shi kaɗai ne a gidansu ya yi boko. Ya karanta ciwon shanu da niyyar komawa gida, kafin ya gama sai babu gidan, babu shanun. Jami'a ta ɗauke shi ya kula da ɓerayen bincike, mu kuma muka naɗa shi Arɗo, ya karɓi sarautar ba gardama. Yakan ce ya bar kiwo ya koma kiwo. Ƙwallo yake so, irin son da in ƙungiyarsa ta sha kashi ɓeraye ma sai sun ji a jikinsu.

Ni ne na huɗu. Ina wanke kwalabe, ina auna ɓeraye, ina cewa "haka ne, ranka ya daɗe". Da aka ce kowa ya faɗi abin da yake sha'awa don a sa a shafin jami'a, na ce karance-karance, don ba a cewa barci.

Ɓerayenmu farare ne masu jan ido, daga kudu ake kawo su, kuma sun fi mu laulayi. Wata bazara janareta ya lalace, zafi ya kashe fiye da rabinsu. A daidai lokacin Farfesa ya dawo daga wani taro da sabuwar hula da sabon tunani. Ya tara mu ya ce abin kunya ne muna zaune a ƙasar da Allah ya yi wa arzikin gafiya, dabbar da hancinta ya gagari na kare, amma muna bautar ɓeran Bature. Daga yau gafiya za mu bincika, kuma duniya za ta san da mu. Malama ta tambayi inda za mu same ta. Ya juyo ya dube ni da murmushi, ya ce ai ga mutumin Zamfara.

Na so in gaya masa cewa a cikin gari na girma, kusa da tasha, kuma iyakar sanina da gafiya shi ne tsinuwar da mata suke yi mata in cokali ya ɓace. Abin da ya fito daga bakina shi ne haka ne, ranka ya daɗe.

Na buga wa Baba waya na ce zan zo da shugabana da abokan aiki. Ban faɗi abin da zai kawo mu ba, don na kasa samo hanyar faɗa. Mun isa ranar Talata, kasuwa na ci, motar jami'a tana kutsawa tsakanin buhunan albasa da masu babura. Da muka karya kwanar gidanmu sai na ga an share ƙofar gida an shimfiɗa tabarmi, ga mutane zaune a jere kamar ana ɗaurin aure. Baba ya sanar da unguwa cewa manyan likitocin ƙwaƙwalwa na tafe. Akwai mai ciwon kai, akwai mai jiri, akwai wanda ya kawo ƙanensa mai farfaɗiya, akwai wata tsohuwa da ta zo ƙarar mijinta, ta ce ba ciwo yake ba, amma dai a duba shi.

Farfesa bai ji komai ba sai daɗi. Bayan an gama gaisuwa, wadda a wurinmu sai an tambayi gajiya da iyali da gajiyar iyalin, ya gyara zama ya shiga bayanin yadda ƙwaƙwalwa take, rabi da Hausa rabi da Turanci, da ɗan labarin lokacin da suke can. Dattawa suna ta cewa ƙwarai, ƙwarai, wasu idonsu a rufe. Malama kuwa ta ciro abin awon jini daga jakarta ta koma zaure, mata suka bi ta. Ta sami wata maƙwabciyarmu da jininta ya hau sosai, ta sa aka ɗauke ta a babur zuwa asibiti nan take, ta kuma zauna da yayan mai farfaɗiyar ta yi masa bayanin inda zai kai shi da abin da zai daina yi masa in ta tashi. Da ta fito sai aka yi ta yi wa Farfesa godiya.

Bayan an ci tuwon shinkafa da naman rago, Baba ya tambayi abin da nake tsoro. Ya ce, "Ranka shi daɗe, mi kunka zo nema garinmu?"

Farfesa ya goge hannu ya ce gafiya.

Baba ya ɗauka bai ji daidai ba. Ya matso ya ce, "Gahiya? Wagga dai da muka sani, ɓarauniya?"

Farfesa ya ce ita fa, kuma da ranta muke so, da yawa. Ya ƙara da cewa ɗansa, wato ni, shi ne zai riƙa auna su kullum da safe. Baba ya daɗe yana kallon tabarma. Bai dube ni ba. Can ya ce Allah mai iko, ashe gafiyoyi ma suna samun taɓin hankali, ya tashi ya tafi alwala tun ba a kira salla ba.

Duk da haka shi ya haɗa mu da ƙanen Inna da ke Bakura, wanda ya ce ya san wani maharbi a Dakko. Washegari muka bi hanya ta cikin gonaki, muka ɗauki Kawu, muka isa. Maharbin wani dogon mutum ne mai ƙarancin magana. Farfesa ya yi masa bayani, Kawu ya fassara bayanin daga Hausa zuwa Hausa, mutumin ya ce ba komai, mu dawo jibi. Na jaddada masa cewa masu rai muke so. Ya ce ya ji.

A tsakani sai Farfesa ya tuna Arɗo ya taɓa cewa gafiyoyin Janbako sun kai mage girma, ya ce lallai mu je can mu gani, tunda ga ɗan gari a mota. Arɗo, wanda ban taɓa jin ya musa wa Farfesa ba, ya ce ba zai je ba. Farfesa ya ce in don hanya ce, motar jami'a ta saba. Arɗo ya ce ba ramukan hanya yake nufi ba, kuma duk wanda ke motar ya san abin da yake nufi. Direba ya ce shi ma yana da 'ya'ya. Daga baya Arɗo da kansa ya ce in ana son ganin ƙasar Maradun, mu tsaya cikin gari, zai gaida mahaifiyarsa.

A wani gida na bayan kasuwa muka same ta, cikin ɗaki guda da take zaune da jikokinta. Ƙoren nononta na jere a bango, a wanke, babu komai a ciki. Ta aika aka sayo nono a kasuwa ta dama mana fura, tana ba da haƙuri cewa ba irin nasu ba ne. Sun daɗe suna magana da Fillanci ita da ɗanta, yana durƙushe, bai ɗaga kai ba. Na fahimci ya gaya mata yana kula da dabbobin gwamnati ne, kuma shekara da shekaru a haka ta sani. Farfesa, wanda ba ya iya jure a yi hira ba shi a ciki, ya sa baki da Hausa ya ce ai ɗanta gwani ne, duk jami'ar babu wanda ya kai shi iya kiwon ɓera.

Na ga wuyan Arɗo ya ƙara sunkuyawa. Tsohuwar ta dubi Farfesa, ta dubi ɗanta, ta tambaye shi da Hausa ko gaskiya ne. Ya ce gaskiya ne, Inna. Ta tambaya ko suna da yawa, ya ce da yawa. Ta tambaya ko suna haihuwa, ya ce ba sa fashi. Sai ta gyaɗa kai ta ce, "To, ka riƙe su da kyau. Waɗannan dai babu mai zuwa ya kore maka su."

Farfesa ya yi dariya shi kaɗai, ya ga ba a taya shi ba, ya shiga shan fura. Da za mu tafi ta raka mu har bakin mota, ta sa wa ɗanta albarka, ta sa wa ɓerayen.

Ranar alƙawari muka koma Dakko. Maharbi ya fito da tire lulluɓe da buhu, ya ajiye gaban Farfesa, ya yaye. Gafiyoyi ne manya-manya, an yanka su, an babbake, an fafe ciki, an barbaɗa gishiri. Ba ko ɗaya mai kai. Farfesa ya tambayi ina kawunan, mutumin ya nuna karnukansa da ke kwance a inuwa suna lashe baki. Na tuna masa cewa masu rai muka ce. Ya ce ya ji na faɗa, amma ya ɗauka kunya ce irin ta manyan mutane, don ya sha ganin masu babbar riga da ke son naman amma ba sa son a ce sun ce. Shi ya sa ya hutar da mu. Farfesa ya zauna a kan turmi ya dafe kai, yana faɗin abin da duniya ta yi asara a cikin karnukan nan. Kawu ya ce tunda an riga an yi, ba kyau a yi almubazzaranci, ya naɗe tiren ya kai mota.

Sai da Malama ta nuna wa maharbin hotunan ɓerayenmu a waya, suna cikin keji suna cin abinci, sannan ya yarda cewa da gaske akwai masu ciyar da ɓera don kansu. Ya yi salati a hankali, ya ce a ba shi kwana biyu.

Muka koma Talata Mafara neman keji. Arɗo ya ce a je wurin mai walda a yi na ƙarfe. Farfesa ya ce lokacin da suke can an tabbatar ƙarfe yana tayar wa dabba hankali, kuma ba ya son a kawo masa ƙwaƙwalwa mai damuwa. Saboda haka kafinta aka samu ya yi akwatuna na katako mai laushi, da ƙofa da sakata, har da ɗan fenti. Wannan karon maharbi ya cika alƙawari. Ya kawo su cikin buhuna suna huci, kowace da farin rabin wutsiya da kumatu kamar ta ɓoye goro. Arɗo ya juye su a akwatuna, ɗaya ta kama shi a yatsa, ya zage ta da harshe biyu.

Da yake yamma ta yi, ba a bin hanya, sai aka ce su kwana gidanmu mu kama hanya da safe. Farfesa ya zagaya gidan yana neman wuri mai sanyi da duhu wanda zai dace da su, ya zaɓi sito, inda Baba ya jera buhunan shinkafar da ya girbe. Baba ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna baƙo ne, ya rufe. Inna ce ta ce daga bayan labule ai gara a kai su ɗakin girki a ɗora musu tukunya gaba ɗaya. Farfesa ya ce a gode mata, amma ba sa cin dafaffe.

Da safe muka sami akwatunan nan a jere yadda muka bar su, sakatunsu a rufe, kowanne da ƙofa ta biyu a baya wadda kafinta bai yi ba. Gafiyoyi biyu kawai suka rage, su ma ina jin ƙiba ce ta hana su fita. Sauran sun shiga bayan buhuna, kuma daga shinkafar da ke zube a ƙasa an ga ba su kwana da yunwa ba. Farfesa ya durƙusa ya duba ramukan, ya ce wannan babbar shaida ce ta kaifin basirarsu, ya umarce ni in ɗauki hoto. Baba yana tsaye a bakin ƙofa da carbi. Ya ce da ni, a karo na farko tun zuwanmu, "Likita, marasa lahiyarka sun sallami kansu."

Muka ɗaure biyun cikin wani tsohon durom muka tafi. Baba ya yi wa Farfesa rakiya da buhun albasa da doguwar addu'a, a cikinta har da roƙon Allah ya sa binciken ya ƙare a inda ya tsaya.

A jami'a aka yi musu kejin ƙarfe, ba wanda ya sake tayar da zancen damuwa. Farfesa ya kira masu ɗaukar hoto ya tsaya kusa da su, ba kusa sosai ba. Muna fatan su hayayyafa, aka yi ta jira, ana ba su gyaɗa da dankali da abin da ni kaina ba kullum nake samu ba. Da aka gaji sai Arɗo ya sa safar fata ya duba, ya ce duka biyun maza ne. Ya ce tun a Talata Mafara ya yi zargin haka, amma ba a tambaye shi ba.

Kafin a yanke shawarar abin da za a yi da su, aka naɗa Farfesa shugaban wani kwamiti mai yawan tafiye-tafiye, sha'awarsa ta koma can. Malama ta ce ba za ta yanka dabba biyu don ta rubuta abin da ba zai tsayu ba, ta koma kan fararen ɓerayenta da aka sake kawowa, ta ci gaba da neman abin da ya kawo ta. Gafiyoyin suka zama ma'aikata kamar kowa. Suna zuwa ba sa makara, ba sa yin komai, ana ciyar da su. Ɗalibai sukan leƙo su gaishe su. Ni kuma kullum da safe sai in auna su in rubuta, kuma kullum sun ƙaru.

Na gida kuwa ba su sami matsalar da namu suka samu ba, don akwai mata a cikinsu. Kafin damina sun haƙa rami daga sito zuwa ɗakin girki, sun kwashe cokula, da murfin buta, da ɗan kunnen ƙanwata guda. Baba ya aika Dakko aka zo da maharbin, ya toshe ramuka ya tura hayaƙi, aka yi yini guda ana tari a unguwa. Ya tafi da abin da ya kama, ya bar mana sito baƙi ƙirin.

Da na je hutun babbar salla na tarar an ajiye mini bokitin farar ƙasa da buroshi a bakin sito, ba wanda ya ce mini komai. Na tuɓe riga na hau aiki. Inna ta kawo mini kunu ta tsaya tana kallo, ta nuna mini wani lungu da na tsallake. Ta tambayi lafiyar Malama, ta ce in gaya mata maƙwabciyar nan tana shan maganinta, har ta koma suyar ƙosai. Ta tambayi Arɗo da yatsansa. Sannan ta ce in na koma in gaida Farfesa da kyau, in ce masa suna nan suna yi masa addu'ar ƙarin girma, irin wanda zai kai shi nesa.